Daga Baki Zuwa Ƙafa: Abin Da Ya Haɗa Tauna Da Faɗuwar Tsofaffinmu

Uwargida, idan Allah Ya sa kina zaune da tsohuwa a gida, ko mahaifiyarki ce ko ta maigida, ina so yau da daddare in kin kai mata abinci ki ɗan saci kallonta. Ki lura da yadda take yi da yankan naman da kika sa mata a miya. Sau da yawa za ki ga ta jujjuya shi, ta tsotse romon, daga nan sai ta ƙwalla wa autan jikokinta kira ta danƙa masa. Mu kuma sai mu yi murmushi mu ce kaka da jika sai Allah. Ƙauna ce kam, babu musu. Amma a gidaje da yawa akwai abin da ke ɓoye a bayan wannan kyauta: naman ne ya fi ƙarfin bakinta, alkunya kuma ta hana ta faɗa.

Ki ƙara dubawa. Tun yaushe rabon da ki ji ta ɓantari goro da haƙori? Wataƙila har kin manta ranar da magogin goro ya shigo ɗakin, ya samu wurin zama a gefen carbi. Rake, ƙuli-ƙuli, aya, gasasshiyar masara, kilishi, duk ɗaya bayan ɗaya sun fita daga cimarta ba tare da wani ya yi cigiyarsu ba. A wannan tsakanin ne kuma za ki ga tafiyarta ta canza, ta fara dafa bango in za ta banɗaki, in ta tashi daga tabarma sai ta ɗan tsaya kafin ta ɗaga ƙafa, wuyanta ya miƙo gaba, bayan ya ranƙwafa. Mukan ɗauki waɗannan a matsayin abubuwa biyu da ba su da haɗi, mu tattara su mu ce ai tsufa ne. Likitocin da suka duƙufa a kan lafiyar tsofaffi sun ce akwai zaren da ya ɗinke su, kuma ya dace ke da kike riƙe da ludayin gidan ki san shi.

Faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce ga tsoho

Yaro ya faɗi sau goma a yini ya tashi ya karkaɗe jiki. Tsoho kuwa faɗuwa ɗaya takan raba shi da tafiya har abada. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 sun nuna kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. A wani rahoton hukumar na 2007 an ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, wato kusan ɗaya cikin uku ke nan.

Duk wadda ta taɓa jinyar tsohuwar da ta karye a ƙugu ba ta bukatar a yi mata dogon bayani. Kwanciya ce ta watanni, da gyambon kwanciya, da ɗaukar fo, da salla a kwance ga matar da a da ita ke tashin gida da asuba. Ko an warke ma, tsoron sake faɗuwa kan zaunar da mutum wuri ɗaya, zaman kuma ya ƙara cinye ɗan ƙarfin da ya rage.

Yaya jiki ke tsayuwa?

Tsayuwa aiki ce, ko da yake ba ma jin muna yin ta. Ko kin tsaya cak, jikinki na ɗan rangaji gaba da baya, ƙwaƙwalwa kuma na gyara shi a kowane lokaci ba tare da kin sani ba. Don ta yi wannan gyara, daga wurare uku take karɓar labari, kamar yadda tukunya ke zama a kan duwatsun murhu uku. Na farko ido. Na biyu wasu 'yan ƙananan bututu masu ruwa da ke can cikin kunne, waɗanda ke gaya mata ko kai ya karkata ko ya juya. Na uku jijiyoyin da ke tafin ƙafa da gaɓoɓi da tsokoki, musamman na wuya, masu sanar da ita inda kowane sashe na jiki yake. Tsufa na taɓa duka ukun: ido ya yi yana, na'urar cikin kunne ta rage kaifi, tafin ƙafa ya rage ji, musamman ga mai ciwon sukari.

To ina baki ya shigo? Kin san in tukunya na gilgiza a kan murhu akan nemi ɗan tsakuwa a soka a ƙarƙashi ta zauna daram. Kusan irin wannan gurbi muƙamuƙi da haƙora suke cikewa. Kowane haƙori yana zaune ne cikin ƙashi, an ɗaure saiwarsa da wasu siraran zaruruwa, a cikin zaruruwan nan kuwa akwai jijiyoyin ji masu kaifin gaske. Su ne ke sa ki gane ɗan tsakuwa a cikin shinkafa tun kafin ki tauna shi. Saƙon da suke aikawa, haɗe da na tsokokin muƙamuƙi, yana bi ta wata babbar jijiya ta fuska ya isa gindin ƙwaƙwalwa, inda yake da mahaɗa da cibiyar da ke karɓar saƙon cikin kunne da kuma jijiyoyin da ke sarrafa wuya. In haƙori ya fita, waɗannan zaruruwa da jijiyoyinsu sun tafi tare da shi.

Ki gwada da kanki. Ki ɗora yatsu a kumatunki dab da kunne, ki cije haƙora, za ki ji wata tsoka ta kumburo. Ki mayar da yatsun gefen goshi ki sake cijewa, za ki ji wata. Yanzu ki dafa ƙeyarki ki wangame baki kamar mai hamma, za ki ji kan ya ɗan koma baya. Muƙamuƙi da wuya tare suke aiki, ɗaya ba ya motsi ɗayan na barci. Sannan ki tuna abin da bakinki ke yi in za ki ɗaga bokitin ruwa, ko za ki sauke babbar tukunya daga wuta: cijewa kike yi ba tare da kowa ya ce ki yi ba. Ba banza ba Bahaushe ke cewa wane ya cije in yana nufin ya daure ya tsaya da ƙafarsa.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Tun a shekarun 1880 wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Jendrassik ya bayyana wata dabara da har yau ake koya wa ɗaliban likitanci: in an ƙwanƙwasa ƙasan gwiwar mutum da 'yar gudumar roba ƙafar ba ta zabura sosai ba, sai a ce ya sarƙe yatsun hannuwansa ya ja da ƙarfi, galibi a ce ya haɗa da cije haƙora, nan take zaburar ƙafar ta ƙaru. A 1996 wasu masu bincike a birnin Tokiyo suka auna abin da na'ura, suka ga cije haƙora na ƙara kaifin amsawar tsokar sha-raɓa, kuma gwargwadon ƙarfin cizon gwargwadon ƙaruwar. Tsokar sha-raɓa kuwa tana cikin manyan masu riƙe mutum a tsaye. Tsohuwar da ba ta da turame a sama da ƙasa da za su haɗu, in ta yi tuntuɓe ta nemi abin cijewa, babu shi.

Abin da Japanawa suka gano

Yawancin binciken da aka yi kan wannan batu daga Japan ya fito, domin tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan tsofaffi, kuma sun ɗauki lamarin baki da muhimmanci. A 1989 suka ƙaddamar da wani gangami mai suna 8020, ma'ana mutum ya kai shekara 80 da haƙoransa 20 a baki, daga cikin 32 da babban mutum ke da su. An zaɓi 20 ne saboda da wannan adadi mutum na iya tauna kusan kowane irin abinci. Lokacin da aka fara, 'yan kaɗan ne cikin masu shekara 80 ke da haka. Zuwa 2016 sun haura rabi.

A 2012 aka wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a yankin Aichi. An ɗauki mutum 1,763 masu shekara 65 zuwa sama waɗanda ba su faɗi ba a shekarar da ta gabaci fara binciken, aka sake komawa gare su bayan kimanin shekara uku. Waɗanda ke da haƙora 19 ko ƙasa da haka, kuma ba sa sa haƙoran roba, haɗarin yawan faɗuwarsu ya ninka na masu haƙora 20 zuwa sama sau biyu da rabi. Masu ƙarancin haƙora da ke sa na roba kuwa, haɗarinsu bai kai haka ba.

Wani binciken na garin Kashiwa, wanda aka wallafa a 2018, ya bi tsofaffi 2,011. An duba abubuwa shida a bakinsu, ciki har da yawan haƙora, da ƙarfin tauna, da ƙarfin harshe, da ko abinci mai tauri na ba su wahala, da ko suna ƙwarewa in suna shan ruwa. Waɗanda aka samu da rauni a uku ko fiye daga cikin shidan, haɗarin zubewar tsoka da raunin jiki da zama abin jinya ya ninka a gare su kimanin sau biyu a shekarun da suka biyo baya. Har cingam ma sai da suka gwada: a 2011 wani ƙaramin gwaji ya nuna rangajin jikin mutum na raguwa in yana tauna cingam a tsaye.

A nan zan ja kunnenki kaɗan, 'yar'uwa, kada ki ruga ki sayo wa Inna cingam ki ce kin samo maganin faɗuwa. Irin waɗannan bincike dangantaka suke nunawa. Tsohon da ya rasa haƙora sau da yawa shi ne kuma mai ciwon sukari, ko wanda ya sha wahalar rayuwa, ko wanda bai samu abinci mai kyau ba tun yana da ƙarfinsa, kuma kowanne daga cikin waɗannan na iya kayar da shi. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne baki na cikin abubuwan da ake dubawa in tsoho ya fara tangaɗi, mu kuwa shi ne wanda ba ma dubawa ko kaɗan.

Inda tuwo ke rufe mana ido

A ganina hanyar da rashin tauna ta fi yi wa tsofaffinmu illa ba ta jijiya ba ce, ta tukunya ce. Cimarmu ta yau da kullum an yi ta ne kamar don wanda ba shi da haƙori. Tuwo haɗiya ake yi. Koko, kunu, fura, fate, duk za su wuce ba tare da an nemi turmi ba. Saboda haka tsohuwa na iya rasa rabin haƙoranta ta ci gaba da cinye malmalarta, kowa na cewa ai Hajiya na cin abinci sosai. Cikinta na cika, amma abin da ke gina tsoka, wato furotin, ya tafi tare da naman da ta miƙa wa jika, da gyaɗa da ƙuli-ƙulin da ta daina taɓawa.

Tsoka dama tana raguwa da shekaru, shi ya sa masana abincin tsofaffi ke cewa bukatar tsoho ga furotin ta fi ta matashi in an auna da nauyin jiki: kimanin giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo a rana, ga wanda ƙodarsa ke lafiya. Tsohuwa mai kilo 50 ke nan tana bukatar giram 50 zuwa 60. Ƙwai ɗaya giram 6 ne ko kusa da haka. Ki lissafa da kanki abin da take samu a kofin koko da safe, da tuwo miyar kuka da dare. In tsokar cinya da ta baya ta zube, tashi daga tabarma ya zama aiki, tasowa daga sujada sai da dafa ƙasa, baya ya fara lanƙwasa, kai ya rinjayo gaba. Kan da ya rinjayo gaba kuma yana ja nauyin jiki zuwa gaba, yana kuma canza yadda muƙamuƙi ke zama da yadda haɗiya ke tafiya. Haka abin ke zagayawa, wannan na ƙara wa wancan.

Kuskuren da mu masu kula da su muke yi, cikin tausayi, shi ne da zarar mun ga tauna na ba su wahala sai mu mayar da komai ruwa-ruwa. Tsokar muƙamuƙi kamar kowace tsoka ce, in an daina aiki da ita sai ta saki. Tauna kuma ita ke tsatso miyau, miyau ke wanke baki ya kare sauran haƙoran. Abin da ya fi shi ne a sassauta abincin daidai ƙarfin bakinta, yadda har yanzu za ta ɗan motsa muƙamuƙi. Ki dafa nama ya yi lugub ki yanka ƙanana, ko ki yi dambunsa. Ga kifi da aka cire wa ƙaya, ga dafaffen ƙwai, alale, ƙosai mai taushi, awara, faten wake, miyar gyaɗa, kindirmo, kwaɗon zogale da aka dafa sosai aka sa wa garin ƙuli-ƙuli. Gwanda da ayaba da kankana a yanka mata su ta tauna, ya fi a matse su a kofi. Mafi yawan waɗannan ba su fi ƙarfin cefanen gida ba. Idan tana da ciwon ƙoda, sai a bi abin da likitanta ya tsara.

Ki kuma lura da yadda take taunar. In kullum gefe ɗaya take kai loma, ko tana karkatar da kai in za ta tauna, to ɗaya gefen akwai ciwo, ko giɓi, ko haƙori mai girgiɗi. In ta daɗe tana juya loma a baki, ko tana tari da ƙwarewa in ta sha ruwa, ko muryarta ta canza bayan haɗiya, wannan na likita ne, musamman ga wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Tambayar ma sai da dabara, ballantana in surukarki ce. Ba za ki ce mata buɗe bakinki in gani ba. Amma kina iya cewa, "Inna, naman nan kuwa ya yi laushi, ko in ƙara masa wuta gobe?" Amsar da za ta ba ki za ta gaya miki abin da kike nema. Maganar zuwa asibiti kuwa, ki bar wa ɗanta ya ɗauko ta.

Zaman cin abinci

Yadda baki ke taɓa tsayuwa, haka zama ke taɓa baki. Tsoho ya ci abinci a zaune sosai, ba a kishingiɗe ba. In a kujera ne, tafin ƙafafunsa su taka ƙasa, kada su yi reto. In a tabarma ne, ya jingina da bango da matashi a bayansa, a ɗora kwanon a kan 'yar kujera don kada ya duƙa har ƙasa. In ke ce ke ba ta a baki, ki zauna daidai da ita. Mai ba da abinci a tsaye yana sa tsohuwa ɗaga haɓa sama, ɗaga haɓa kuma na sauƙaƙa wa abinci da ruwa bin hanyar numfashi. Bayan an gama a bar ta a zaune kamar rabin awa kafin ta kwanta.

Haƙoran roba da na asali

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 23 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 60 ba su da haƙori ko ɗaya a baki. Ga irin waɗannan, haƙoran roba ne mafita. Ƙarfin cizonsu bai kama ƙafar na asali ba, ba su kuma da waɗancan zaruruwa masu ji, amma suna mayar wa muƙamuƙi mazauninsa, suna ba mutum abin cijewa, suna dawo da nama cikin cimarsa. Abin mamaki, muna iya kashe kuɗi a kan haƙorin Makka na ado a gaba, turamen da ke can ciki masu yin aikin kuwa babu mai tuna su. A je wurin likitan haƙori na gaskiya ya auna, ba masu cire haƙori na bakin kasuwa ba. Dasashi na motsewa da shekaru, saboda haka haƙoran da suka zauna daidai shekara biyar da suka wuce suna iya yin lako-lako yau. In kin ga ta ajiye su a gwangwani ba ta sawa sai za ta biki, ciwo suke ji mata, a mayar a gyara.

Da daddare a cire su a wanke, a jiƙa a ruwa mai tsabta. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan tsofaffi masu shekara 85 zuwa sama a Tokiyo ya nuna masu kwana da haƙoran roba a baki sun ninka sauran haɗarin kamuwa da ciwon huhu fiye da sau biyu. Sai dai ki ajiye mata kofin a kusa da shimfiɗa tare da tocila, ta mayar da su kafin ta miƙe, domin fitar asuba zuwa alwala, cikin duhu da magagin barci da santsin bakin rariya, lokaci ne da tsoho ke bukatar duk abin da zai taimaka masa ya tsaya. Ta ɗan zauna a bakin gado tukuna, musamman in tana shan maganin hawan jini, don jiri kan ɗebi mutum in ya zabura ya miƙe. A duba mata ido ko akwai yana, a cire tabarmar da bakinta ya naɗe daga hanya, a canza silifas ɗin da gindinsa ya side, a kafa mata abin dafawa a banɗaki.

Sai ke kanki, uwargida. Haƙoran da za ki kai shekara 80 da su, yanzu ake tsaron su. Abu biyu ne suka fi zubar da haƙoran manya, ruɓewa da ciwon dasashi, kuma dukansu a hankali suke ci ba tare da hayaniya ba. Dasashin da ke jini in kina goge baki ba lafiyayye ba ne, ko da ba ya zafi. Masu juna biyu da masu ciwon sukari sun fi saurin kamuwa, kuma tsohuwar maganar nan ta cewa kowace haihuwa sai ta ci haƙori ɗaya ba dole ba ce in an kula. Ki riƙe asuwakinki, ki haɗa da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid safe da dare, ki rage sukari a shayi da yawan lemon kwalba. Haƙorin da ya fara rami a kai shi a cike tun yana ƙarami, kafin ya kai inda likita zai ce sai cirewa. In kuma an riga an cire miki turmi ɗaya ko biyu kika bar gurbin haka nan don ba a gani in kin yi dariya, ranar da za a kai Inna asibitin haƙori ki yanki kati biyu.